Yadda Za Ka Ci Abinci da Turancin Yaƙi a Makka Ko Ba Ka Jin Turanci

Kai da ka gaji da dakon kayan alhazai a Mina, matso kusa. In ka bi matakan nan, na yi maka alkawari ba za ka sake kwana da yunwa ba muddin Turawa suna kashe junansu. Malam Tijjani ya gwada hanyar a nan unguwar Utaibiyya, ga shi can, wuyansa har ya yi ninki.

1. Samo kalma uku, kada ka yi haɗama

Malam Tijjani ya taɓa yin shara a gidan wani Bature a Hartum, kan hanyarsa ta zuwa Makka. Abin da ya fito da shi ke nan: wo, wato yaƙi, rebul, ɗan tawaye, sai beli, ciki, wadda ya koya ranar da Baturen ya wuni yana zawo. Kada ka raina su. Wanda ya san Turanci da yawa yakan tsaya ya yi tunani kafin ya yi magana, kai kuwa Allah ya raba ka da wannan wahala.

2. Manne wa rediyo

Akwai wani attajiri Ba'indiye mai kanti da ke kama Landan bayan la'asar. Tafi ka zauna dab da akwatin, ka lumshe ido, ka riƙa gyaɗa kai. Can ka saki "La haula!" da ƙarfi. Ko labarin farashin auduga ake yi, ba ruwanka. Sannan ka dawo unguwa kana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da tulu a ka. Za ka tarar 'yan'uwanmu sun shimfiɗa maka tabarma.

3. In an tambaye ka labari, ba da asalin kalma

Nan ne gwanintar take. Aka ce wa Malam Tijjani, "Ya shehu, wa ke cin wani, Ingila ko Jamus?" Sai ya gyara rawani ya ce, "Ku dai kuna da gaggawa. Kun san me ya sa Bature ke ce wa ɗan tawaye rebul? Daga beli aka ciro ta. Duk wanda ya yi wa sarki tawaye, cikinsa ne ya fara yi masa." Wuri ya ɗauki "Allahu akbar, ilimi!" Wanda ya yi tambayar ma ya manta abin da ya tambaya.

Masu sanin abin sun ce ƙarya ce tsagwaronta: kalmar tawayen daga tsohon harshen Rumawa ta fito, daga sunan yaƙi, ta cikin kuwa asalinta jakar fata ce, ko dangi ba su haɗa ba. To sai me? Su masu sanin suna Landan, kai kana Utaibiyya, kuma kai aka zuba wa gahawa.

4. Nemi mai ciwo a zuci wadda ta iya girki

Maza tafi kawai suke biya da shi. Kai uwa za ka nema. Malam Tijjani ya sami Hajiya Ramlatu mai waina. Da ƙafa ta zo daga ƙasar Kano tare da ɗanta Yunus, guzuri ya ƙare a Sudan, Yunus ya tura ta ta ƙetare teku, shi ya tsaya neman kuɗin jirgi. Yaƙi ya zo, aka rufe teku, Yunus ya shiga yi wa soja dako, mota ta take masa ƙafa. Saƙo ɗaya ya iso mata ta bakin wani alhaji: yana Sawakin, bakin teku, ba ya iya tafiya, ta zo ta same shi in ruwa ya buɗe.

Tun daga ranar, kullum sai ta kawo waina da miyar taushe, ta durƙusa nesa kaɗan. "Malam, me akwatin ya ce game da teku?"

Kada ka ce ya buɗe, kada ka ce ba zai buɗe ba. Ka ce, "Sabur, Hajiya, haƙuri, akwai wo a ruwa." Ka ja kwanon gabanka.

5. Kada ka bari yaƙi ya ƙare

Al'ada ce wanda zai bar Makka ya yi ɗawafin ban kwana ya kama hanya, ba ya sake zama. Bayan aikin hajji Ramlatu ta ƙulle kayanta, ta ba maƙwabciya tandar waina, ta yi ɗawafinta tana kuka, ga ayari na shirin Jidda. Da wata ce da ta wuce. Ita kuwa, baiwar Allah, ta biyo ta yi wa Malam sallama.

"Malam, ga mutane suna ta zuwa daga Sawakin. Ai ruwa ya buɗe ko?"

Malam Tijjani ya dubi hannunta, ya ga ba kwano. "Hajiya, zuwa daban, komawa daban. Masu zuwa baƙin Allah ne, ba mai taɓa su. Masu komawa su rebul ke jira a tsakiyar teku. Da kunnena na ji jiya. In kin nutse wa zai yi jinyar yaron?"

Ta kwance kaya, ta karɓo tandarta. Shekara ta zagayo ta sake ɗawafin ban kwana, ya sake tare ta. Har Turawa suka gaji suka ajiye bindiga, duniya duk ta ji, amma a bakin Malam Tijjani jirage ba su daina nutsewa ba. Kai ma ka riƙe wannan: wanda ya tafi ba ya dawowa ya ƙaryata ka.

6. In labari ya zo, riga kowa zuwa gaisuwa

Wani mai suna Abdulganiyyu ya iso da alhazan bana yana cigiyar mai waina. Shi ya yi wa gawar Yunus wanka da azumin da ya wuce. Ya ce duk jirgin da ya tsaya sai yaron ya ja jiki zuwa bakin ruwa yana duba fuskokin mata.

"Ba a nutsar da jiragen ba?" in ji Ramlatu.

"Waɗanne jirage, Inna? An yi shekaru ba abin da ya sami ko kwalekwale."

Malam Tijjani na zaune a sahun gaba, ya fi kowa ɗaga murya wajen addu'a. Da aka fito da gumbar sadaka, Ramlatu da kanta ta ajiye masa, ta tsaya a kansa ba ta durƙusa ba. Ta ce, "Ci, Malam. Ta Yunus ce." Wallahi ya ci. In ba za ka iya wannan ba, koma dakonka, sana'ar nan ta fi ƙarfinka.

Wanke hannu

Mai wannan darasi ba shi da hannu a tumbinka, ko a jifan da za ka sha in asiri ya tonu. Haka nan ba zai raka ka ba ranar da za a tsayar da kai da Ramlatu a gaban Ubangiji. Da Hausa za ta yi ƙara, kuma ba a buƙatar tafinta.