Rasuwar 'Yar Rahoto, Fitilar Ɗakin Yaya

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har wuya, maigidan nan mai sana'ar gyaran kujeru, a madadinsa da uwargida da yaransu, yana sanar da 'yan uwa da maƙwabta da abokan arziki rasuwar fitilar gidansu mai canza launi, wadda aka fi sani da 'Yar Rahoto. Ta cika ne da yammacin Talata, manne a gefen silin ɗakin babban ɗansa, bayan gajeriyar jinya mai yawan ƙifce-ƙifce.

Marigayiyar ta shigo gidan a hannun kawun yara, mutumin da bai taɓa kawo tsarabar da ba ta jawo magana ba. Doguwa ce siririya kamar igiyar shanya, ba ta da makunni a bango, sai dai a ba ta umarni ta waya. Kawu ya saka manhajarta a wayar maigida da ta babban ɗan, wanda kowa ke kira Yaya, ya karkaɗe hannu ya tafi. Kalmarta ta farko a duniya ita ce "tit-tit", kuma da ita take gaishe da duk wanda ya taɓa ta.

Waɗanda suka zauna da ita za su shaida baiwarta. Ta kawo teku cikin falon gidan da famfonsa kan kwana uku bai ɗiga ba. Ta kawo koren daji gidan da ko tukunyar fure ba ta taɓa rayuwa. Takan yi fitowar rana a hankali, daga ja zuwa ruwan zuma, duk da ba a taɓa jin ta tashi wani daga barci ba. Ranar da ta gwada hadari da walƙiya kuwa, Kaka ta fita da sauri ta kwashe shanya a tsakar rana mai ƙuna, ta dawo ta ce ita dai ba za ta ƙara zama ɗaki ɗaya da maƙaryaciya ba.

Amma babbar baiwarta ita ce kunne. Duk sautin da ya tashi, sai ta bi shi da launi: kiɗa, dariya, faɗuwar cokali. Ba ta san rufin asiri ba. Wata ranar hutu maigida ya kishingiɗa a falo, ya farka ya tarar da iyalinsa sun yi layi suna kallon bango yana kumbura da ja yana sacewa. Shekara da shekaru yana musun cewa yana minshari. A ranar aka yi wa marigayiyar canjin wurin aiki zuwa ɗakin Yaya, bisa dalilin cewa ɗalibi ya fi bukatar haske.

A nan ya kamata a faɗi wani abu game da Yaya. Yaro ne mai in'ina tun yana ƙarami. Maigida ba ya iya jure ganin kalma ta maƙale a bakin ɗansa, don haka da zarar ya fara sai ya ƙarasa masa, saboda tausayi. Da tausayin ya yi yawa, maganar yaron ta ragu zuwa "lafiya" da "to". Ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa, uban ya rasa ta inda zai san halin da yake ciki.

Marigayiyar ce ta toshe wannan giɓi. Daga kujerarsa a falo maigida na hango hasken da ke fitowa ta ƙasan ƙofar Yaya, ya mai da shi jaridarsa ta yamma. In ya ga shuɗi a tsaye, karatu ake. In ya ga duhu, an yi barci. Ana haka, jarrabawa na ƙaratowa, sai hasken ya fara rawa kowace yamma: ya gudu, ya tsaya cak, ya sake gudu. Maigida bai ji sauti ba, amma shekarun buga ƙusa sun cinye rabin kunnensa, ya kuma san ba abin da ke sa fitilar nan rawa sai kiɗa. Ya hango ɗansa ya faɗi jarrabawa, ya bar makaranta, ya tara gashi, yana yawo da ganga. Duk a zaune ya hango wannan, shayinsa na hucewa.

Daga nan ciwon ajali ya kama ta. Maigida bai buga ƙofa ba, domin shi uba ne mai hikima, ba ya son hayaniya. Ya ɗauki wayarsa ya danna daji. Ƙasan ƙofa ya yi kore ya natsu. Can sai "tit-tit", rawa ta dawo. Ya danna teku. "Tit-tit". Haka aka yi ta yi kullum, uba a falo, ɗa a ɗaki, bango ɗaya tsakaninsu, ba wanda ya ce wa wani uffan. Baiwar Allah ta rasa na wa za ta ɗauka. Ta fara haɗa faɗuwar rana da walƙiya, rabinta teku rabinta gobara. Ranar Talata ta yi wani launi da ba shi da suna, ta ce "zzz", ta ce "tas", ta yi shiru.

Mai gyaran lantarki da ya duba gawar ya ce bai taɓa ganin fitilar da aka wahalar haka ba. Maigida na nan kan bakansa cewa wuta aka kawo da ƙarfi, ga kuma kiɗan da yaron ke kunna mata kullum. Uwargida, wadda ta tsaya a bakin ƙofa da tsintsiya a hannu, ba ta bari an rufe binciken a nan ba.

"Wane irin kiɗa, Baban Yaya?" in ji ta. "Yaron da malaminsu ya zaɓa ya yi jawabin godiya gaban iyaye ranar Asabar? Gwaji yake yi. In maganar ta tafi daidai, hasken ya bi ta. In ta maƙale, ya tsaya ya jira shi. Fitila dai, amma ba ta taɓa ƙarasa masa magana ba."

Maigida ya tambaya me ya sa ba a gaya masa ba.

"Ya zo gaya maka. Ya ce, Baba ina so, sai ka ce takalmi ne, za a saya."

An ruwaito cewa maigida ya daɗe yana duba wani abu a silin.

Marigayiyar ta rasu ta bar kwalinta, da adafta guda mai ƙaurin ƙuna, da ƙaramin rimot da ba a taɓa cire wa leda ba, da manhaja a wayoyi biyu da har yanzu ke juyawa tana nemanta. Ta bar tabon gam zagaye da silin, wanda uwargida ta ce wanda ya yi sanadi shi zai kankare. Ta bar Auta, da ta rasa wurin rawa. Ta kuma bar ɗalibi guda da jawabin da bai gama zama a bakinsa ba, ga Asabar ta matso.

Za a naɗe ta a mayar cikin kwalinta gobe da safe, a raka ta zuwa shagon mai gyara, inda za ta kwanta tare da sauran 'yan uwanta. Ana karɓar ta'aziyya a falo, ƙarƙashin farin ƙwan lantarki na da, wanda bai san teku ba bai san daji ba. Ana roƙon kawu da ya zo hannu rabbana.

Ana kuma sanar da cewa an cike gurbin da ta bari. Daga yau har Asabar, maigida zai riƙa zama kan kujera a ɗakin Yaya kowace yamma, daidai ƙasan inda take. Launi ɗaya gare shi, ban da idanu da kan yi ja. Yaya ya amince da ɗaukarsa aiki bisa sharaɗi guda, wanda ya faɗa da bakinsa jiya. Sharaɗin ya ɗan ɗauki lokaci kafin ya fito. Maigida ya san ƙarshensa tun daga kalmar farko, amma ya damƙe gwiwoyinsa da hannu biyu, ya jira har aka kai aya.

Masu zuwa gaisuwa da yamma su yi haƙuri su zauna. Ba zai fito ba sai an gama magana.