Zoben Tsadar Dutse

A wani daji mai duwatsu, can inda hanyar mota ke ƙarewa sai a taka da ƙafa, akwai majalisar tsuntsaye da ke zama a kan wata tsohuwar kuka. Burtu ne shugaba, Gauraka mataimakiyarsa, Hankaka kuwa shi ke sanar da hukunci tun kafin a yanke shi.

Kowace damina wasu masu bincike kan zo da tantuna da madubin hangen nesa. Su kafa raga a tsakanin duwatsu, in tsuntsu ya faɗa su ciro shi, su auna fiffikensa, su rubuta a littafi, su sake shi. Shekara uku ana haka ba wanda ya damu. A ta huɗu suka kama Tsadar Dutse, wata 'yar mitsitsiyar tsuntsuwa ja mai sheƙa a tsagin dutse, wadda ko a majalisa a reshen ƙasa take zama. Ranar har rungumar juna mutanen nan suka yi. Suka sa mata zoben ƙarfe a ƙafa, suka yi ta ɗaukar ta hoto. Daga nan kullum da safe mutum biyu na zaune nesa da sheƙarta, suna kallo suna rubutu.

Wallahi tun daga ranar Gauraka ba ta ƙara jin daɗin abinci ba. In rana ta haska zoben nan sai ta ji kamar an watsa mata barkono a ido. Ba a yi mako ba ta sa aka kira taron gaggawa.

"Ranka ya daɗe," in ji ta, "ni ba hassada nake yi ba, Allah ya sani. Maganar tsari nake yi. Shekarata ashirin ina rawa a bakin fadamar nan da tukkuna a ka, ba wanda ya taɓa auna ko farcena. Yau yarinyar da ba ta kai tsawon bakina ba ita ce mai zobe? Ta hannun wa ta bi? Wa ya miƙa sunanta? In ana rabon girma a dajin nan, ai ta majalisa ya kamata ya biyo, kuma a fara daga sama."

Hankaka ya cafe. "Ni da kaina na je na faɗa ragar nan da gangan, har sau biyu. Ciro ni suka yi suka wurgar, ɗayan yana tsaki wai na yaga musu raga. In ba an shiga an fita ba, ta yaya za a ƙi ni a zaɓe ta?"

Aka ba Tsada izinin magana. Ta matso gaban majalisa.

"Baba Burtu, ban roƙi kowa ba. Abinci na fita nema na faɗa raga. Zoben nan ma damuna yake, goge min ƙafa yake yi, duk mai iya cire shi ya cire ya ɗauka. Ƙwai huɗu gare ni a sheƙa, saura kwana biyar in ƙyanƙyashe. Danginmu duk sun ƙare, ni da maigidana kaɗai muka rage a dutsen nan. Don Allah ku bar ni in ga 'ya'yana."

Kafin ta rufe baki Hankaka ya dira a kan ƙafar. Ya yi ta sara har jini ya fito, zobe ko gezau. Gauraka ta ce a ba ta ta gwada, ita ma ta kasa, sai haushinta ya ƙaru.

Shi ma Burtu, kada ku ga girmansa, kwana uku ya yi yana gittawa ta gaban tantunan nan yana gyaran murya, ba wanda ya ko ɗaga madubi. Ya kaɗa kai kamar mai nazari, sannan ya ce, "Majalisa ba ta ƙin kowa. Amma tunda zobe ya ƙi fita, mai zobe ta fita. Baƙin nan in suka rasa ta, dole su ɗaga kai su ga manyan gari."

Tsada ta roƙi kwana biyar ɗin nan kawai, aka ce doka ba ta san ƙwai ba. Ta tashi ita da mijinta suka yi gabas, tana kuka tana waiwayen tsagin dutse. Ƙwan kuwa, don nuna tausayi, majalisa ta ɗora wa Hankaka alhakin kula da su.

Washegari manya suka yi wanka suka jeru a kan kuka, kowa ya miƙo ƙafar dama. Masu bincike suka zo suka tarar da sheƙa wayam, sai ɓawon ƙwai. Mako uku suna hawa duwatsu suna sauka, ƙafafu duk sun kumbura, wata daga cikinsu har ta zauna ta yi hawaye. Ba wanda ya dubi manyan da ke jere a kan kuka. Daga ƙarshe suka naɗe raga, suka kwance tantuna. Bayan tafiyarsu aka zo aka tuge allon da ke gindin dutsen, wanda saboda Tsada aka kafa shi don hana kowa taɓa wurin.

Da rani ya kama, wasu mutane daban suka iso da manyan motoci da injin fasa dutse, suna ta aune-aune suna shafa jan fenti har a jikin kuka. Gauraka ta leƙa, ta yi guɗa.

Burtu ya ce kowa ya gyara zama, da ganin girman kayan aikin nan, zoben bana na manya ne.