Ranar da na goge wa Ige baki

Ba za ni taɓa mantawa da ranar da na goge wa Ige baki a Kurawa ba, ko da kuwa na so in manta. Shekarar fari ce, ruwa ya ɗauke a daidai lokacin da gero ke shirin fid da kai, gonaki suka tsaya kara zalla. Ni kuwa wata huɗu ke nan da shigata makarantar koyon aikin lafiya a Sakkwato, kuma wallahi ji nake duk Gobir ba wanda ya kai ni sani. (Ko allura ba a fara bari na riƙe ba, amma a gida sai an ce "Likita" nake amsawa.)

Yayata Luba ke aure a Kurawa. Mijinta Mamman ya tafi cin rani bayan shanunsa sun mutu, ya bar ta da ɗiyarsu Ige, 'yar shekara uku. Labari ya iske babanmu a garin Isa cewa ba a ɗora tukunya a gidan. Ya tura ƙanwarsa, Gwaggo Tumba, ta gano, ya ce in gaskiya ne ta taho da ita, shi bai ba da ɗiya don yunwa ta kashe ta ba. Yaya kuwa tana son mijinta, ta kuma san zuciyarsa: in aka ɗauke masa mata don ya kasa ciyarwa, kunya ba za ta bar shi ya zo biko ba. Duk na san wannan. Amma ni abin da ke gabana tsarabata ce, wani ɗan buroshi ja da man goge baki.

Na bi Gwaggo, da hantsi muka isa. Yaya ta tarbe mu da fura mai kauri, har da nono.

"Luba, hwaɗa mani gaskiya, kuna ci?" in ji Gwaggo.

"Lahiya lau muke, Gwaggo. Ga rumbu can, ko rabi ba mu ci ba."

Gwaggo ta dubi rumbun a rufe, ta dubi ƙwaryar fura, ta yi hamdala. Har ta fara zancen mu bi motar azahar mu koma. Da na yi shiru, da shi ke nan an wuce wurin.

Ina! Likita ba ta nuna aikinta ba tukuna. Na jawo Ige daga bayan uwarta. Tunda muka zo yarinyar ba ta ce uffan ba, ta damƙe leɓe gam. Na matsa man a buroshi, na ce, "Ige, ce aaa." Ta girgiza kai. Na yi mata waƙa, na yi alkawarin alewa, na buɗe nawa bakin har kunne ina nuna mata. Ko gezau.

"Ƙyale ta, Likita, ƙyuya ta kai," Yaya ta ce, muryarta ƙasa ƙasa.

Maimakon in ji, sai na juya na yi wa yayata lacca a gaban Gwaggo: wai sakacin iyaye ke ruɓar da haƙoran yara, wai asuwaki ba ya kaiwa lungu. Na ɗebi moɗa guda cike daga randa don kurkure baki. (Ruwan nan tun asuba Yaya ta bi layin rijiya ta samo shi, ban ko tambaya ba.) Sannan na matse Ige tsakanin gwiwoyina, na toshe mata hanci kamar mai ɗura wa akuya magani.

Numfashi ya ƙare mata, bakin ya buɗe. Na cusa buroshi na goga, na zaro shi ina murna. Ya fito da wani abu ja-ja mai ƙaiƙayi, cunkushe a gashinsa. Na ɗaga shi sama, ni ga mai hujja.

"Kun gani ko? Mi kuke ba yarinyag ga haka?"

Ige ta fashe da kuka, ta juya wurin uwarta. "Inna, ba ni na buɗe ba! Ita ta buɗe! Ban hwaɗi muna cin dussa ba!"

Ashe tun da safe Yaya ta ja mata kunne: in baƙi suka zo, kar ki buɗe baki. Ita nufinta kar ta yi surutu. Yarinya ta ɗauka baki dai baki, ta riƙe amanar uwarta iya ƙarfinta, sai da ni na zo na ɓalle bakin. Sati uku dusar tumaki suke tuƙawa. Furar da muka sha, ɗan geron iri ne da Yaya ta ɓoye wa damina.

Gwaggo ta tashi, ta taka ta ɗaga murfin rumbu, ta leƙa, ta mayar a hankali. Ni kuwa ina tsugune da buroshi a hannu, na rasa inda za ni sa fuskata. Ige ta haɗiye kumfar da ke bakinta, ta miƙo hannu tana shessheƙa.

"Ƙara min, da zaƙi."

Nan na yi kuka, kukan da bai amfani kowa ba. Yaya ba ta zage ni ba, da ma ta zaga. Ta dube ni kawai ta ce, "Kin gama, Likita? In kin gama taya ni ɗaure kaya."

Motar azahar mu huɗu ta ɗauka. Mamman ya dawo farkon damina ya iske ɗaki a kulle, ƙauye duk an san dalili. Bai zo biko ba. Bayan shekara takardar saki ta iso.

Yanzu na daɗe ina aiki a asibiti, har yau ina koya wa uwaye goge wa yara baki. Sai dai kafin in tambayi ko an goge haƙori, nakan ja uwar gefe in tambaye ta a hankali ko haƙorin ya tauna wani abu yau. Yaron da ya damƙe bakinsa kuma ba na toshe masa hanci. Ige ta girma a gidanmu, haƙoranta farare tas, da asuwaki take gogewa. Ubanta ne dai ba ta tashi a gabansa ba.