Jatau da Igiyar Akuya

A ƙauyenmu akwai wani mutum, Jatau, maginin rumbu. Ba shi da mugunta ko kaɗan, illarsa ɗaya ce: abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Da mutane suka daina gina rumbu suka koma buhu, matarsa Kande ta je cikin gari ta roƙi yayanta Sallau, mai shagon buga fosta, ya ɗauke shi aiki. Sallau ya ce ya ji, amma kuskure uku, Jatau ya koma ƙauye. Kande ta san idan ya dawo zaman gida, tukunyarta ce za ta huce. Kullum da safe sai ya shigo gari, da yamma ya koma gida.

Ranar farko Sallau, wanda satifiket ɗinsa na wata uku ke rataye a bango, ya yi masa lacca. Ya ce zane iri biyu ne a kwamfuta. Akwai na ɗigo, wanda ake jera ƙananan ɗigo kamar ƙwayar gero, in an ƙara masa girma sai ya farfashe. Akwai na awo, wanda masana irinsa ke kira bekta, inda kwamfuta ke riƙe tsakiya da awo kawai, ko an ja shi ya kai girman gida ba ya lalacewa.

Wata rana Sallau ya ce, "Zana min da'ira a kan allon nan." Jatau ya kifa kofin shayi a gilashin kwamfutar, ya zagaye shi da alƙalamin maka mai baƙar tawada da ba ta goguwa. Da'irar ta yi kyau, wallahi. Har yau tana nan, duk hoton da aka buɗe sai ya fito da zobe a fuska. Sallau ya ɗaga yatsa ɗaya.

Wata rana Hajiya Laure mai kunun aya ta kawo hotonta a waya, tana son a buga babba. Sallau zai fita cin abinci, ya ce, "Yi ta ƙara girmansa har na dawo, in na daɗe ka buga." Ya kuwa daɗe. Hajiya ta dawo aka miƙa mata ledar fosta mai ɗauke da murabba'i guda, ruwan ƙasa.

"Ina fuskata?"

"Ga ta nan, Hajiya. Gefen hancinki ne."

Sallau ya ɗaga yatsu biyu.

Wata rana Ciyaman na ƙungiyar masu keke napep ya ba da aikin tambarinsu, ƙatuwar da'ira da taya a ciki, wanda za a manna a bangon tasha ranar Asabar. Sallau mai lacca ya yi ƙyuyar sake zanawa, ya ɗauki ɗan hoton da aka turo masa ta waya ya ja shi. Jatau ya tsaya a kansa yana tambayar me zai yi. Don ya rabu da shi, Sallau ya ce, "Tafi bangon ka yi abin da kwamfuta ke yi, ka riƙe tsakiya, ka riƙe awo."

Da aka warware fostar Sallau a tasha, gefen da'irar duk hawa-hawa kamar matakalar bene. Ciyaman ya ce tayar da ta yi haka ko jaki ba zai ja ta ba, a naɗe a tafi da ita. Sallau yana gumi yana neman wanda zai ɗora wa laifi, ya fara shirya yatsa na uku.

Sai suka juya. Jatau ya kafa ƙusa a tsakiyar bango, ya ɗaura igiya, ya zagaya da gawayi yadda yake fitar da gindin rumbu, ya bi da fenti. Da'ira sumul, ta fi mutum tsawo.

Ciyaman ya ce, "Wannan nake so. Wa ya yi?"

Sallau ya mayar da hannunsa aljihu. "Ma'aikacina ne, ranka ya daɗe. Shi ne shugaban sashen bekta. Da manyan kayan aiki muke yi."

Jatau yana naɗe igiyar a hannu ya ce, "Yaya, in an gama zan mayar wa Kande. Ta akuyarta ce, tun safe tana sake."