Rasuwar Ƙafa Huɗu, Motar Gidan Kan Tudu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fargabar da bai ga amfanin ɓoyewa ba, tsohon kafinta na gidan ƙarshe a kan tudu yana sanar da 'yan'uwa da maƙwabta rasuwar motarsa, wadda unguwa ta sani da suna Ƙafa Huɗu. Ta cika ranar Litinin da hantsi a ƙofar gida, hancinta yana kallon gangare yadda ta saba kwana, bayan shekara ashirin da shida tana hidima.

Marigayiya tana cikin irin da ya yi ƙaranci: tayoyinta huɗu duka suna ja, giyarta kuma ta hannu ce. Wanda bai san gidan ba, ya sani cewa hanyarsa jar ƙasa ce mai lanƙwasa biyu, a gindinta akwai kwalbati marar shinge. Idan ruwa ya sauka, motocin haya kan tsaya a ƙasa su sauke mutane. Ita kuwa sai ta yi "gurrr" a giya ta ɗaya, ta dafe ƙasa, ta haye. Wajen sauka giya ta biyu ke riƙe ta, birki yana hutawa. Ko batir bai taɓa sa ta kunyata shi ba. In ta yi "ƙyat, ƙyat" ta yi shiru, sai ya saki birkin hannu ta gangara taku goma, ya ɗage ƙafa daga kuloci, ta yi tari ɗaya ta tashi.

Babban aikinta a shekaru huɗun ƙarshe shi ne kai uwar 'ya'yansa asibiti wankin ƙoda, Talata da Juma'a. Ba ta taɓa sa an rasa layi ba.

Ciwon ajalinta ya soma da warin ƙauri, sannan giya ta uku ta riƙa ƙin shiga sai da lallashi. Ranar Litinin ta ce "ƙas", sau ɗaya, ba ta ƙara ba. Bakanikenta, wanda ya fara duba ta tun gashinsa yana baƙi, ya buɗe cikinta ya tarar da haƙoran giya a kwance cikin mai. Ya ce halinta na kirki ne ya ci ta. Mota mai ja da taya biyu, in nauyi ya yi mata yawa, tayar kan zame ta sami sauƙi. Ita ba ta zamewa, don haka kowace wahala kan kuloci da giya take ƙarewa. Ya nemi kayanta ko'ina, babu.

Maigidanta ya je wurin dillalin motoci neman ƙanwarta. Dillali ya ba shi kujera kafin ya ba shi amsa. Ya ce masu ƙera motoci sun kusa daina haɗa biyun nan: taya huɗu masu ja da giyar hannu. Masu son taya huɗu mai ja yawanci masu iyali ne, ba sa son wahalar ƙafa. Masu son giyar hannu kuma ba su da yawan da za a zauna a yi musu ƙira da gwaji na daban. Ya ƙara da cewa na'urar da ke raba ƙarfi tsakanin tayoyin gaba da na baya a motocin yanzu ta fi jin daɗin aiki in ita ke canza giya, ba hannun wani tsoho ba. Ya faɗi wannan da ladabi.

'Yarsa ta fari ta kai mahaifiyarta asibiti ranar Talata. Aiki ya kira ta wani gari, za ta bar masa motarta, mai taya huɗu masu ja amma mai canza giya da kanta. Ranar Laraba ya gwada ta a fili, 'yar tana gefensa. Bai yi taku hamsin ba ƙafarsa ta hagu ta tashi neman kuloci, yadda ta saba tun kafin a haifi yarinyar, ta sami birki ta danne shi har ƙasa. Goshin 'yar ya bugi gaban mota, har yanzu da ƙulu. Allon gaban direba ya kawo wani gargaɗi, ya ɗauke kafin tsohon ya gama haɗa baƙaƙen. A fili ke nan, rana tana sama, ƙasa a bushe. Tun daga lokacin, in ya rufe ido lanƙwasa ta biyu yake gani, da kwalbatin, da matarsa a kujerar baya.

Bakanike ya yi tayin riƙa kai su asibiti, an gode masa. Sai dai yana da garejin da zai buɗe, Talata da Juma'a kuma ba sa ƙarewa.

Marigayiya ta rasu ta bar maigidanta, da uwargida, da tayar safaya wadda ba ta taɓa taka ƙasa ba, da dutsen da ake tokare mata taya. Ta kuma bar ƙafar hagu guda ɗaya, marainiya, wadda ba ta yarda an yi rasuwa ba. Uwargida ta ce ita ma ƙafar ta isa ritaya, ta ba da tsohon ɗankwalinta a ɗaure ta a ƙarfen kujera. Ita kaɗai ta yi dariya.

Za a fitar da marigayiya ranar Alhamis da ƙarfe tara, zuwa wurin masu sayen tsohon ƙarfe. Tunda babu giyar da za ta riƙe ta, ana neman maza takwas masu ƙarfi su kama igiya daga baya har a wuce kwalbati. Kan sandar giyarta zai zauna a gida. Ba za a yi zaman karɓar gaisuwa ba.

Abin da iyali ke roƙo shi ne na washegari. Ranar Juma'a da ƙarfe bakwai da rabi, ko da ruwa ko babu, farar motar 'yarsa za ta sauko daga tudu, da tsoho ɗaure da ƙafa a gaba da mara lafiya a baya. Ana roƙon gidajen bakin hanya su tsare yara da dabbobi a ciki. Kada kowa ya ɗaga masa hannu, kada a yi masa sallama, don ba zai iya amsawa ba. Mutum takwas ɗin nan kuma, in ba takura, su tsaya a bakin kwalbati da igiyar.