Faifai a Cikin Firjin Zobo

Ranar da Sakinatu ta fara ganin Nazifi, yana bakin shagon da take aiki a Funtuwa yana gaya wa jama'a cewa ya taɓa gyara kwamfutar jirgin sama ta waya, yana cin gyaɗa. Ta kalli wayar tasa. An ɗaure ta da roba. Ta ƙyale shi, don yana da wushirya, kuma in ya yi dariya kunnuwansa har motsi suke yi. Tun daga ranar yake zuwa yana tambayarta, "Yaushe zan je wajen Baffanki neman izini?" Ita kuwa sai ta ci gaba da aikinta.

Shagon na ɗaukar bidiyon biki ne. Maigidan ya tafi Umara ya bar mata. Duk bidiyon bukukuwan da ba a kai wa masu su ba suna cikin wani akwatin ajiya mai faifai biyu, irin na zamanin nan da ba sa juyawa. Abin da ke kan ɗaya, yana kan ɗaya. Rannan fitilar faifai ɗaya ta koma ja, bidiyo suka fara ƙin buɗuwa. In suka salwanta, aikinta ya tafi, amaren gari kuma ba za su bar ta ta fita kasuwa ba.

Sai ga Nazifi.

"Wannan ne ya hana ki murmushi? Matsa, ranki ya daɗe."

Ya kara kunne a jikin faifan mai jar fitila. Ya kara a mai koriya. Shiru.

"Wannan jan da ɗumi, yana fafutuka. Koren nan ne ya suma."

"Nazifi, irin waɗannan ai dama ba sa ƙara."

"A gabana suna yi."

Fit! Ya zare lafiyayyen. Akwati ya hau tsuwwa, ƙiii, ƙiii.

"Kin ji? Ya samu sauƙi."

Ya ce sirrin manyan injiniyoyi shi ne sanyi. Ya naɗe faifan a leda, ya ƙulle bakin tam, ya kai firjin Tabawa mai zobo da ke maƙwabtaka. Ya dawo ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

Can wani rubutu ya fito a fuskar kwamfuta. Sakinatu ta fassara masa a hankali: faifai mai lafiya ya ɓace, a mayar da shi.

Kunnuwan Nazifi suka daina motsi.

Da gudu ya isa wajen Tabawa. Ya kwashe ƙullin zobo kaf, yana latsa su ɗaya-ɗaya. Babu.

"Inna, ina ledata?"

"Wace? Ni duk abin da ya ƙanƙare a firjin nan sayarwa nake."

Ya bazama titi. Duk wanda ya gani da leda a baki sai ya ce, "Don Allah tofar in gani." Wani ɗan acaɓa ya kusa marinsa.

Ya dawo jiƙe da gumi, ya tarar da wani dattijo zaune a shagon, da leda a hannu. Baffa Isiyaku ne, ƙanin mahaifin Sakinatu, wanda ake zuwa wajensa neman aurenta.

"Sakina," in ji Baffa, "tun daga masallaci nake tsotsar zobon nan, ya ƙi narkewa. Tabawa ta ce wani injiniya ne ya haɗa shi."

Sakinatu ta karɓa, ta goge, ta shanya a taga. Da faifan ya bushe ta mayar, ta zare mai jar fitilar. Fitila ta yi kore. Bidiyon farko ya buɗe, guɗa ta cika shagon.

Baffa ya dubi Nazifi sama da ƙasa.

"Kai ne injiniyan?"

"A'a, Baffa. Wucewa nake."

Sakinatu ta sunkuyar da kai, tana wasa da bakin mayafinta.

"Baffa, shi ne. In ya zo gida, ka karɓe shi. Na yi maka alkawari ko firji ba zan bari ya buɗe ba."