Yadda Za Ka Mayar wa Kamfanin Waya da Tallansa Daga Kan Tsamiya

Ka bi matakan nan, na yi maka alkawari sabis zai shigo har ƙuryar ɗakin tsohuwarka. Ni Gwadabe na Kahu na gwada, kuma ƙafafuna biyu suna nan.

1. Ka samo dalili.
Nawa Iya ce, mahaifiyata. Ƙanena Muhyiddeen yana Fatakwal, shekara biyu ba ta ji muryarsa ba. A unguwarmu sabis a reshe na uku na tsamiyar bayan gida yake zaune, ita kuwa ko dakali gwiwa ta hana ta hawa.

2. Ka haddace tallan.
A hanyar Rano akwai allo: saurayi mai fararen haƙora, waya a kunne, an rubuta "Kira ɗaya, kana gida." Kada ka canza ko harafi. Masana irina sun gano maganar kamfani ita kaɗai ta ishe shi duka.

3. Ka ci ado, ka hau.
Babbar riga, hula, murmushin saurayin nan. In goro ya gama da haƙoranka, buɗe su haka nan. Ramalan tela ya tsaya a ƙasa yana ɗaukar bidiyo da wayarsa, ni na rungume reshe, waya a kunne, na rangaɗa, "Kira ɗaya, kana gida!"

Sai ga muryar Iya daga gindin bishiya: "Gwadabe, ka tambayi Muhyiddeen yana cin abinci?"

"Iya, ya katse."

"To ƙara hawa mana, kai ba namiji ba ne?"

Ramalan ya so ya yanke wurin. Kada ka bari.

4. Ka saki bidiyon ya zaga.
Kwana uku 'yan Zinyau suka yi nasu a kan rumbu, Hammadu makiyayi ya yi a tsaye bisa bayan bijimi. Yanzu duk direban da ya wuce allon sai ya yi masa hon.

5. Ka karɓi baƙi da fara'a.
Mutanen kamfani za su zo a farar mota, su ce suna son fuskarka a sabon talla. Ka amince, da sharaɗin shugabansu ya fara kiran ofis daga ɗakin Iya. Shugaban nasu ya zaga ɗaki, ya zaga tsakar gida, ya ƙare a reshe na uku da takalmi mai ƙyalli. Ramalan bai ajiye waya ba.

Wata uku suka kafa ƙarfen sabis. Iya ta yi kuka, sannan ta yi wa Muhyiddeen faɗan shekara biyu a zama ɗaya. Yanzu sau biyar take kiransa a yini, shi kuma ya fara cewa Fatakwal babu sabis. Ta ce ya nemi tsamiya.

Gargaɗi: wanda ya faɗo, wanda rigarsa ta yage, da wanda uwarsa ta samu lambarsa, kowa ya ji da kansa. Ni ban san ku ba.